Gidan da ya kusa shiga gwanjo: nazarin wani bashin gida a Arizona, 2006 zuwa 2011

Wannan nazari ya bi wani iyali ne a bayan garin Finiks na jihar Arizona a Amurka, daga ranar da suka sake bashin gidansu zuwa ranar da aka daidaita shi. An haɗa lamarin daga irin abin da ya faru da gidaje masu yawa a wancan lokaci, don haka babu sunan kowa, kuma lissafin kuɗin iyalin misali ne da aka daidaita don ya yi sauƙin bi. Dokoki, shirye-shiryen gwamnati da ranakunsu kuwa na ainihi ne.

## Kafin 2006

Mata da miji ne da yara. Maigidan ma'aikacin gini ne, matar tana aiki a kanti. Abin da ke shigowa gidan kafin a cire haraji dala 3,600 ne a wata, ban da kuɗin aikin ƙarin lokaci, wanda wani watan a samu, wani watan babu.

Sun sayi gidan a 2001 da bashin dala 136,000 na shekara 30, ruwansa kashi 7 cikin 100, tsayayye, ba ya hawa ba ya sauka. Biyan wata dala 905 ne, a kansa akwai dala 230 na harajin gida da inshora da bankin ke tarawa ya biya a madadinsu. Jimla 1,135. Zuwa tsakiyar 2006 uwar kuɗin ta ragu zuwa kimanin dala 128,000.

Inda takalmin ke matsa su shi ne bashin mota da na katin banki, dala 38,000, da ke cin dala 750 a wata. Duka biyu ke nan 1,885, fiye da rabin abin da suke samu. Sun yi jinkirin biyan kati sau da dama, makin amincinsu a wajen masu ba da bashi ya sauka.

A daidai lokacin farashin gidaje a Finiks yana ta tashi, kuma a ƙasar baki ɗaya ya kai ƙololuwarsa a tsakiyar 2006.

## Yuni 2006: sabon bashi

Wani dillalin bashin gida ya kira su da tayin a haɗe duk basussukan wuri guda. Dillali ba shi ke ba da kuɗin ba. Shi ke cike fom, ya nemo kamfanin da zai bayar, ya karɓi la'adarsa ranar sa hannu. Kamfanin kuma yakan sayar da bashin cikin 'yan watanni ga masu haɗa dubban basussuka su mayar da su takardun zuba jari.

Bashin da ya kawo dala 200,000 ne. An biya tsohon bashin gida 128,000, mota da kati 38,000, kuɗin la'ada da na takardu 9,000, aka ba iyalin 25,000 a hannu don gyaran rufi da sauran buƙatu.

Irin bashin nan ne da ake kira 2/28. Shekara biyun farko ruwan yana tsaye a kashi 8, biyan wata dala 1,468. Daga nan sai ya riƙa sauyawa duk wata shida: ma'aunin LIBOR na wata shida, wato ruwan da manyan bankuna ke ba juna bashi a kai a London a wancan lokaci, a ɗora masa kashi 6. A lokacin LIBOR ɗin yana wajen kashi 5.5, wato cikakken ruwan bashin ya kai 11.5, wanda biyansa zai kusa dala 1,980.

Abubuwa huɗu suka faru a cikin fayil ɗin.

A takardar da dillalin ya nuna musu ya ajiye 1,885 kusa da 1,468, ya ce za su rage dala 417 duk wata. Tsohon adadin yana ɗauke da haraji da inshora, sabon ba ya ɗauke da su, domin sabon bashin bai tanadi asusun tara su ba. In aka mayar da dala 230 ɗin, biyan gaskiya 1,698 ne, ragin kuma 187, na shekara biyu kawai.

A fom ɗin neman bashi, mai lamba 1003, an rubuta kuɗin shigarsu dala 5,500. Bashin na irin wanda ake karɓar abin da mai nema ya faɗa ne ba tare da takardar albashi ba. Da 5,500, biyan gida ya zama kashi 31 cikin 100 na kuɗin shiga. Da 3,600 na gaskiya, kashi 47 ne, a kan cikakken ruwa kuwa kashi 61. Dillalin ne ya cike gurbin, maigidan ya gani ya yi tambaya, aka ce masa ai da ƙarin lokaci zai kai, kuma kowa haka yake yi. Mata da miji suka sa hannu.

Don bashin ya tsaya a kashi 80 na darajar gida, dole gidan ya kai dala 250,000. Mai kimanta gida na farko ya duba gidaje uku makamantansa da aka sayar a unguwar, ya ce ba zai wuce 225,000 ba. Dillalin bai sake kiransa ba. Na biyu ya ɗauko misalansa daga wata sabuwar unguwa mai manyan gidaje, ya rubuta 250,000 cif. Wannan ba baƙon abu ba ne: tsakanin 2000 da 2007 masu kimanta gidaje 11,000 suka sa hannu a wata takardar koke kan yadda ake matsa musu su kai adadin da ake so ko a daina ba su aiki.

Na huɗu yana cikin takardar rufe ciniki mai suna HUD-1, a wani layi da ƙananan haruffa. Iyalin sun cancanci ruwa ƙasa da kashi 8. Don dillalin ya sayar musu da mai tsada, haɗe da sharaɗin tara idan suka biya bashin kafin shekara biyu, kamfanin ya ba shi ƙarin dala 4,000, bayan dala 4,000 da ya riga ya karɓa daga wajensu. A 2006 doka ba ta hana wannan ba muddin an rubuta shi.

Da matar ta tambayi abin da zai faru bayan shekara biyu, amsar ita ce kafin lokacin makinsu ya gyaru, gidan ya ƙara daraja, sai a sake musu wani bashin mai sauƙi.

## Oktoba 2007: an nemi mafita, babu

Kafin wannan lokaci kasuwar ta juya. New Century, ɗaya daga manyan kamfanonin irin wannan bashi, ya durƙushe a Afrilun 2007. A ƙarshen Yuni hukumomin da ke sa ido kan bankuna suka fitar da jagora cewa a riƙa auna ƙarfin mai karɓar bashi da cikakken ruwa, ba da na shekara biyun farko ba.

Lambar dillalin ta daina shiga. Iyalin suka je wani ƙaramin banki. Jami'ar da ta zauna da su ta nemi takardun albashi na wata biyu da takardun haraji na shekara biyu, ta sa suka cike fom 4506-T, wanda a lokacin ke ba banki izinin karɓo bayanan harajinsu kai tsaye daga hukumar haraji. Bayan mako guda ta kira su ta baje musu lissafi a takarda. Gidan yanzu bai kai abin da ake bin su ba. Tarar biya da wuri, ruwan wata shida a kan kashi 80 na bashin, ta kai kimanin dala 6,300. Kuɗin shigarsu kuma ba zai ɗauki bashin ba ko da babu tara. Ta ce ba za ta iya ba su ba, kuma duk wanda ya ce zai iya su yi hattara da shi. Ta rubuta musu yadda za su sami mai ba da shawara kan gidaje da ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta amince da shi, ta ce kyauta ne, su je tun ba su fara fashin biya ba.

Ba su je ba. Suna biya a kan lokaci daga ragowar dala 25,000 ɗin, suna ganin abin bai kai can ba.

## Yuli 2008 zuwa Fabrairu 2009

Ranar sauyin ruwa ta zo da sauƙi fiye da yadda ake tsoro, domin LIBOR ya faɗo zuwa wajen kashi 3. Ruwan ya zama kashi 9 da ɗan kai, biyan ya tashi daga 1,468 zuwa kimanin 1,620. Daga baya ma ya sake sauka zuwa kashi 8, wanda shi ne ƙasan da yarjejeniyar ta yarda da shi. Wannan yana da muhimmanci, don an fi ɗora wa sauyin ruwa laifin rikicin bashin gidaje na wancan lokaci. A wannan gida ƙarin dala 150 ba shi ya kayar da su ba.

Gine-gine sun tsaya a Finiks. Aikin ƙarin lokaci ya tafi, sannan aikin kansa ya bi shi a ƙarshen 2008. Maigidan ya samu wani a ɗakin ajiyar kaya da albashi ƙasa da na da, kuɗin shigar gidan ya koma dala 2,700. Harajin gida, da ba wanda ke tara musu shi, ya zo a dunƙule ba su da shi. Inshorar ta ƙare ba su sabunta ba, sai kamfanin da ke karɓar biyan bashin ya saya musu tasa, wadda ta fi tsada kuma mai bashi kawai take karewa, ya ɗora kuɗin a kansu.

A Fabrairun 2009 suka kasa biya a karon farko.

## Maris 2009: masu "ceto"

Wasiƙa ta zo mai tambarin da ya yi kama da na gwamnati, tana alƙawarin rage musu bashi. Kamfanin ya karɓi dala 2,500 kafin ya yi komai, ya ce kada su ƙara ɗaga wayar masu bin bashi, shi zai yi magana a madadinsu. Wata huɗu suka yi shiru. Da maigidan ya gaji ya kira masu bin bashin da kansa, aka gaya masa ba wata takarda da ta iso da sunansa. Kuɗin bai dawo ba. Sai a ƙarshen Janairun 2011 dokar hukumar kasuwanci ta tarayya da ta hana karɓar irin wannan kuɗi tun kafin a yi aiki ta fara aiki.

## Agusta 2009 zuwa Afrilu 2010: gwajin farko

Gwamnatin Obama ta ƙaddamar da shirin HAMP na gyaran sharuɗɗan bashin gida a farkon 2009. Ƙa'idarsa ita ce a sauko da biyan gida, haɗe da haraji da inshora, zuwa kashi 31 na kuɗin shiga kafin haraji. Mai nema zai yi gwajin wata uku, in ya biya a kan lokaci kuma takardunsa sun cika, sai a mayar da gyaran na dindindin.

A wannan shekarar ana shigar da mutane gwaji da abin da suka faɗa a waya. Da aka tambayi maigidan nawa suke samu, sai ya faɗi abin da ke shiga asusunsu bayan an cire haraji, dala 2,300. Ma'aikacin bai tambaye shi wanne yake nufi ba. Aka yanka musu dala 713.

Wata ukun ya zama tara. Sun aika takardu ta faks sau da yawa. Duk kiran da suka yi wani sabon mutum ne ke ɗauka, ya ce shafi kaza bai iso ba. Kafin a duba fayil ɗin, takardun albashin da ke ciki sun tsufa, sai a nemi sababbi, kafin sababbin su shiga wata takardar ta tsufa. Ba su fasa biyan 713 ko sau ɗaya ba, amma tunda bai kai cikakken biya ba, bashin da ya taru yana ta ƙaruwa, ana kuma kai rahotonsu a matsayin masu jinkiri.

A Maris 2010, suna tsakiyar biyan gwaji, aka manna musu sanarwar gwanjo. Sashen gyaran bashi da sashen ƙwace gida na kamfani ɗaya ne, kowanne yana tafiya a layinsa. A Arizona yawanci ba a bi ta kotu: a yi rajistar sanarwa, a jira kwana 90, a yi gwanjo. A Afrilu wasiƙar ƙin amincewa ta zo, dalilinta layi ɗaya, takardu ba su cika ba.

## Mayu zuwa Disamba 2010: abin da ya yi aiki

Matar ce ta tono takardar da jami'ar bankin nan ta ba su shekara biyu da rabi da suka wuce. Suka je wajen mai ba da shawarar.

Abin da ta fara yi shi ne karɓar izininsu a rubuce don kamfanin karɓar biyan bashin ya riƙa magana da ita. Sannan ta nemi kamfanin, a rubuce, ya ba da tarihin asusun: kowane biya, kowace tara, kuɗin inshorar da ya ɗora. Ta sake lissafin kuɗin shiga daga tushe. Maigidan duk mako biyu ake biyansa, don haka albashi ɗaya sau 26 a raba 12, ba sau biyu a wata ba. Aka samu 2,700 kafin haraji.

Ta haɗa fayil guda cikakke: takardun albashi na kwanan nan, bayanan banki da dukkan shafukansu har da wanda babu komai a kai, takardar haraji da sa hannu, fom 4506-T, da takardar rantsuwa kan halin ƙuncin da suka shiga. A saman kowane shafi ta rubuta lambar bashin, ta sa wa shafukan lamba, ta aika su lokaci guda ta hanyar da ke ba da shaidar isa. Ta buɗe littafi: ranar kowane kira, sunan wanda ya ɗauka, abin da ya ce. A cikin tarihin asusun ta gano cewa abin da ya hana su a Afrilu shafi ɗaya ne na takardar rantsuwar da babu kwanan wata a kai, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu.

Ta sa suka sayi inshorarsu suka aika shaida, aka cire ta kamfanin. Ta ɗaukaka ƙara ta hanyar da shirin ya tanada, hujjarta ita ce sun biya gwaji sau tara ba fashi. Sabbin ƙa'idojin HAMP da suka fara aiki ranar 1 ga Yuni 2010 sun taimaka, domin sun wajabta a tantance takardu kafin gwaji, kuma sun hana a sayar da gida alhali ana duba buƙatar mai shi. Aka ɗage gwanjon, aka sake ɗagewa.

A nan wani ma'aikacin kamfanin ya riƙe fayil ɗin shi kaɗai har ƙarshe. Ya bi matakan shirin bi da bi. Kashi 31 na 2,700 dala 837 ne, a cire 230, saura 607 na bashin kansa. An haɗa ruwan da ya taru da harajin da kamfanin ya biya a kan uwar kuɗi, ta zama kimanin 220,000. Tarar jinkiri ba ta shiga, shirin ya ce a yafe ta. Aka sauko da ruwa zuwa kashi 2, bai isa ba. Aka tsawaita wa'adi zuwa shekara 40, bai isa ba. Sai aka ware kimanin dala 19,600 gefe, babu ruwa a kai, za a biya ranar da aka sayar da gidan ko bashin ya ƙare. Saura gwajin riba: shin gyaran ya fi wa masu jarin amfani ko gwanjo? Gidan a lokacin bai wuce dala 115,000 ba, don haka gyaran ya yi nasara.

Gwaji na biyu ya gudana daga Satumba zuwa Nuwamba. A Disamba 2010 suka sa hannu a gyaran dindindin, aka soke gwanjon. A kakar nan ce labari ya fasu cewa ma'aikatan wasu manyan kamfanoni suna sa hannu a dubban takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba, abin da ya kai ga sulhun dala biliyan 25 a Fabrairun 2012 tsakanin manyan kamfanoni biyar, gwamnatin tarayya da jihohi 49.

## Sakamako, 2011

Biyan wata dala 837. Ruwan kashi 2 na shekara biyar ne, daga nan ya riƙa hawa da kashi ɗaya duk shekara har ya kai ruwan kasuwa na ranar gyaran, wanda ke tsakanin 4 da 5. In suka ci gaba da biya a kan lokaci, shirin zai rage musu dala 1,000 daga uwar kuɗi duk shekara har shekara biyar.

A 2006 ana bin su 128,000 a kan gida mai darajar 225,000. A 2011 ana bin su 220,000 a kan gida mai darajar 115,000, kuma bashin da ya kamata ya ƙare a 2031 zai kai 2050.

## Auna aikin kowa

Farashin gidaje a Finiks ya faɗi fiye da rabi, kuma ba wanda ke cikin wannan fayil ya jawo hakan. Amma da iyalin suna kan tsohon bashinsu, faɗuwar za ta same su da biyan 1,135 mai tsayayyen ruwa da bashin da bai yi wa darajar gidan nisa sosai ba. Zai yi wuya, amma motar da katin ne za su shiga haɗari, gidan yana da sauran fili. Bashin Yuni 2006 ne ya kwaso bashin mota da kati ya ɗora a kan rufin da suke kwana a ƙarƙashinsa.

Dillalin shi ya fi kowa nauyi. Cikin abubuwa huɗun da ya yi, ƙara kuɗin shiga a fom ƙarya ce da dokar tarayya ta haramta tun a lokacin, kuma hukumar FBI ta yi gargaɗi kan yaɗuwar zambar bashin gida tun Satumbar 2004. Ƙarin la'adar kuwa halal ce a dokar lokacin, ita ce ma ta fi nuna inda matsalar take: ana biyansa ne bisa tsadar bashin, ranar sa hannu, ko iyalin su iya biya ko su kasa. Mai kimanta gida na biyu ya sayar da abu ɗaya tak da aikinsa ya dogara a kai, wato a yarda da adadinsa. Kamfanin da ya ba da bashin yana iya neman bayanan haraji da fom guda, bai nema ba, don ba shi zai riƙe bashin ba.

Iyalin ma suna da nasu. Sun ga 5,500 sun sa hannu, kuma sun ajiye shawarar Oktoba 2007 a aljihun tebur. Sai dai ba daidai ba ne a auna wanda ke sa hannu a irin wannan takarda sau biyu a rayuwarsa da ma'aunin wanda ke cike ta kullum.

A kamfanin karɓar biya ba a ga wanda ya yi niyyar cuta ba. An gina shi ne don karɓar kuɗi da aikawa, bai ɗauki isassun ma'aikata ba da buƙatu suka yi ambaliya, kuma ba wanda fayil ɗin ke wuyansa. Wata tara na jeka-ka-dawo ya ƙara wa iyalin dubban daloli a kan bashi.

Mutum huɗu sun yi aikinsu: mai kimantawa na farko, jami'ar bankin, mai ba da shawara, da ma'aikacin ƙarshe. Ba wanda ya yi wani abin bajinta a cikinsu, sun duba adadi ne suka faɗe shi yadda yake. Biyun farko sun yi asarar ciniki a kan haka.

Dokokin da suka biyo baya kusan kowace ta nufi wani layi ne a wannan fayil. Dokar SAFE ta Yulin 2008 ta wajabta wa dillalai lasisi, da karatun awa 20 wanda uku daga ciki na ɗa'ar aiki ne, da jarrabawa da binciken tarihi. Daga Mayun 2009 aka cire hannun dillali daga zaɓen mai kimanta gida a basussukan da Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanonin sayen bashin gida da gwamnati ke mara wa baya, ke saye. Daga Afrilun 2011 aka hana biyan dillali bisa yawan ruwan bashi. Dokar Dodd-Frank ta Yulin 2010 ta kafa hukumar kare masu mu'amala da cibiyoyin kuɗi, wadda ƙa'idojinta na 10 ga Janairu 2014 suka wajabta tantance ƙarfin biya da takardu, suka hana fara ƙwace gida kafin jinkiri ya wuce kwana 120, suka kuma taƙaita tafiyar da gwanjo alhali cikakkiyar buƙatar gyara tana gaban kamfani. A ƙarƙashinsu, bashin Yuni 2006 ba zai wuce teburin tantancewa ba.